Yadda Ake Haɗa Wa Allon Kwamfuta Lasifika Ta Waje

Yawancin allunan kwamfuta da ke hannunmu a Garwa, Marwa da Ngaundere kayan gwanjo ne da suka hauro daga Duwala, kuma asalinsu na ofis ne. Wanda ya ƙera su rubutu da lissafi ya sa a gaba. Shi ya sa ko dai ka tarar babu lasifika a jikinsu sam, ko kuma akwai 'yar mitsitsiya mai wat 2 ko 3 da ke fuskantar bango. A watan Afrilu, fanka na gudu, yara na wasa a tsakar gida, ba abin da za ka ji na tafsiri ko sharhin ƙwallo sai ka kara kunne.

Abu guda za ka riƙe kafin ka kashe ko dala: allo ba ya haifar da sauti. Sautin yana tasowa ne daga kwamfuta, ko dikoda, ko na'urar wasa, allon kuwa hanya ce kawai da wani lokaci yake bi. Idan ka gane ta wace waya yake tafiya, ka gama rabin aikin. Mafi yawan waɗanda ke kawo mini kuka cewa lasifikarsu ta lalace, kayansu lafiya lau suke, ramin da suka soka wayar ne ba nata ba.

Kayan da za ka tanada

- Lasifika mai wutar kanta, wato wadda ake jona wa soket ko USB, mai maɓallin ƙara murya a jiki. A kasuwa in ka ce baful za a fi saurin gane ka.
- Wayar sauti mai kan milimita 3.5 a gefe biyu, irin kan iyafis. Idan lasifikarka ramuka biyu gare ta, ja da fari, to wayar da za ka nema mai kai ɗaya ce a gefe, kawuna biyu na RCA a ɗaya gefen.
- Wayar HDMI ko DisplayPort, gwargwadon ramin da ke jikin kayanka.
- Iyafis mai aiki, na gwaji.
- Tocila, ko fitilar wayar hannu, domin rubutun bayan allo ƙanana ne kuma baƙi a kan baƙi.
- Jona mai ramuka da yawa, da sitabilaiza in da hali.

Sauran kayan, irin su akwatin cire sauti daga HDMI, katin sauti na USB da amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, kada ka saya tukuna. Sai matakan da ke gaba sun nuna maka kana bukatarsu.

1. Juya allon ka karanta bayansa

Kashe komai, ka zare wuta, ka kwantar da allon a kan katifa ko bargo, fuskarsa ƙasa. Haska ramukan ɗaya bayan ɗaya.

Rami shuɗi mai ƙananan huji 15 da kusoshi biyu na murɗawa shi ne VGA. Hoto kaɗai yake ɗauka, ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan. Fari mai faɗi shi ne DVI, shi ma ka ɗauke shi a matsayin na hoto kawai. HDMI da DisplayPort su ne ke ɗaukar hoto da sauti tare a waya guda. Suna kama da juna, amma DisplayPort kusurwa ɗaya ce a yanke, HDMI kuwa biyu. Sababbin alluna na da USB-C, wanda shi ma yakan kawo hoto da sauti idan kwamfutar ta iya.

Yanzu nemi ƙaramin rami zagayayye na iyafis. A nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka ka tsaya ka karanta abin da aka rubuta a gefensa. Idan ka ga Audio Out, Line Out, ko hoton abin sawa a kunne, to mafita ce, nan lasifikarka za ta shiga. Idan kuwa Audio In aka rubuta, ko PC Audio, to mashiga ce. An yi ta ne don allon ya karɓi sauti daga kwamfuta ya ba 'yar lasifikar cikinsa, saboda VGA ba ta kawo masa. Ko shekara ka yi da lasifika a wannan ramin ba za ta ce uffan ba. Tsofaffin alluna masu VGA da DVI, idan suna da ramin sauti, kusan duk irin wannan ne.

2. Zaɓi inda za ka ɗebi sautin

Idan kwamfuta ce kawai a jikin allon, shawarata ka ƙyale allon, ka jona lasifika kai tsaye a kwamfutar. Sautin ya fi tsabta, ba ya yankewa idan allon ya yi barci, kuma ba ruwanka da VGA ce ko HDMI ke kai hoto. A bayan akwatin kwamfutar tebur za ka ga ramuka masu launi: kore na lasifika, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigar da sauti daga wata na'ura. Kore kake nema. Kwamfutar cinya rami ɗaya gare ta yawanci, shi ne na iyafis.

Ramin allo yana da ranarsa a hali biyu. Na farko, idan abin da ka jona ba shi da ramin sauti nasa, kamar PlayStation ko wasu dikodoji. Na biyu, idan na'urori biyu ke amfani da allo ɗaya, misali kwamfuta da rana, dikodar Canal+ da daddare. A nan idan lasifika na jikin allon, duk na'urar da ka juya gare ta ita za ka ji, ba sai ka riƙa ciro waya kana mayarwa ba.

Idan allon na da HDMI amma ba shi da mafitar sauti, kuma na'urar ma ba ta da ita, sai ka tsallaka zuwa mataki na 6.

3. Gwada da iyafis kafin ka ɗauko lasifika

Mutane na raina wannan matakin, alhali shi ke hana wahala. Kunna komai, ka sa wani karatu ko waƙa, ka rage murya, ka soka iyafis a ramin da ka zaɓa. Idan ka ji sauti a kunne biyu, ramin na da kyau, duk matsalar da ta biyo baya daga lasifika ce ko wayarta. Idan shiru ne, galibi matsalar saiti ce, kuma mataki na 5 zai warware ta.

Haka za ka yi wa lasifikar a kasuwa. Je da wayarka ta hannu, a jona a gabanka, ka ji gefen hagu da na dama daban-daban, ka murɗa maɓallin murya daga ƙasa har sama ka ji ko yana ƙarar tsatsa. Kada babban adadin da ke jikin kwali ya ruɗe ka. In ka ga an rubuta wat 2000 PMPO a kan abin da bai fi gwangwanin madara girma ba, talla ce. Adadin da ke gefen RMS shi ne na gaskiya. A ɗaki ɗaya, wat 10 zuwa 20 na RMS sun wadatar. Lasifikar da ke shan wuta daga USB kuwa ka san iyakarta: ramin USB 2.0 bolt 5 yake bayarwa da rabin amfiya, wato wat 2.5 ke nan gaba ɗaya. Ta isa mutum ɗaya a gaban tebur, ba ta isa zaure ba.

4. Jona wayoyin

Rage muryar lasifikar har ƙarshe, ka kashe ta. Soka kan milimita 3.5 a ramin allo ko na kwamfuta, ka tura har ka ji ya zauna. Idan bai shige duka ba, gefe ɗaya ne zai yi magana, ko kuma ka ji kiɗa babu muryar mai waƙa. Ɗaya kan ya shiga ramin lasifika da aka rubuta wa AUX, Line In ko Input. Idan RCA ce, ja dama, fari hagu.

Dubi zoben da ke jikin kan wayar. Mai zobe biyu shi ne na sitiriyo, shi kake so. Mai zobe ɗaya gefe ɗaya kawai yake ɗauka. Mai zobe uku na wayar hannu ne, an ƙara masa layin makirfo, kuma ba kowane rami yake zama da shi lafiya ba.

Gargaɗi ga masu manyan lasifikun nan na biki da wa'azi, masu batir da taya: suna da rami babba na makirfo, mai milimita 6.35. Kada ka kai sautin kwamfuta can. Ramin makirfo an yi shi ne don sauti mai rauni ƙwarai, idan ka ɗura masa na kwamfuta sai murya ta fashe tana kakari. Nemi AUX, sannan ka danna maɓallin Mode har ya nuna AUX ko Line, domin da yawansu a kan Bluetooth ko rediyo suke farkawa.

Sai wuta. Wutarmu a Kamaru da Cadi bolt 220 ce, soket mai ƙafa biyu zagayayyu. Karanta jikin cajar lasifikar. Idan an rubuta 100 zuwa 240, babu damuwa. Idan 110 ko 120 kaɗai aka rubuta, kayan Amurka ne, kana jonawa zai ƙone. Waɗanda suka shigo ta Mubi ko wasu kasuwannin Najeriya sukan zo da filogi mai ƙafa uku irin na Ingila. Sayi adafta, kada ka yanke kan ka tura wayoyi tsirara cikin soket da tsinken ashana, kamar yadda ake yi a wasu shagunan caji. Sannan ka jona kwamfuta, allo da lasifika a jona guda. Dalilin zai zo a mataki na 8.

Lasifika ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ita ce ta farko a kashewa. Wannan bugun "dum" da ake ji idan aka kunna kwamfuta lasifika na kunne, a hankali yake cin ta.

5. Gaya wa na'urar inda za ta tura sautin

Kwamfuta takan ga hanyoyin sauti biyu ko uku, ta zaɓi wadda ta ga dama. Kai ne za ka nuna mata.

A Windows, danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta mmsys.cpl, ka danna Enter. Wannan hanyar tana aiki a Windows 7, 10 da 11, ko da Faransanci kwamfutar take ko da Turanci. Taga za ta buɗe a kan shafin Lecture, wanda a ta Turanci Playback ne. Idan lasifika na jikin kwamfuta, zaɓi Haut-parleurs, sau da yawa da sunan Realtek a ƙarƙashinsa. Idan tana jikin allo, zaɓi wanda ke ɗauke da sunan allon ko lambarsa, da Intel, AMD ko NVIDIA a ƙasa. Danna Par défaut. Danna masa dama ka zaɓi Tester, za ka ji ƙararrawa a hagu sannan a dama. Idan sun juye, musanya wurin lasifikun.

In ba ka ga sunan allon ba, danna dama a filin da ba komai ka zaɓi Afficher les périphériques désactivés. Idan har yanzu bai fito ba, duba wayar hoton. Sau da yawa mutum na da HDMI a allo amma VGA ce a jone. Kwamfutocin ofis na Dell da HP da suka cika kasuwa da yawansu DisplayPort gare su, babu HDMI. Wayar DisplayPort zuwa HDMI tana ɗaukar sauti, sai dai hanya ɗaya take bi: kan DisplayPort a kwamfuta, kan HDMI a allo. In ka juya ta, ba hoto ba sauti.

Shi ma allon yana da nasa saitin. Danna maɓallan jikinsa ka shiga Menu, ka nemi Audio ko Son. Tabbatar ba a kulle muryar ba, ka ɗaga ta zuwa wajen 80, kuma idan akwai zaɓin tushen sauti ka sa shi a HDMI ko DisplayPort, ba Line In ba.

A dikoda da PlayStation, shiga saitin sauti ka zaɓi PCM ko Stéréo. Allon kwamfuta ba talabijin ba ne, yawancinsu ba sa fahimtar tsarin sauti na Dolby. Alamar wannan ita ce wasu tashoshi su yi magana wasu su yi shiru, ko ka ji shuuu mai ƙarfi.

Daidaita murya kuma haka nake yi: kwamfuta a 70 zuwa 80, allo a 80, sauran a maɓallin lasifika. Idan ka bar kwamfuta a 10 ka ƙure lasifika, iska da tsaki kawai kake ƙarawa.

6. Idan allon ba shi da mafitar sauti

Dabarun sun danganta da abin da ke hannunka.

Dikoda da yawa na da ramukan RCA a baya, ja da fari da rawaya, ko ƙaramin rami da aka rubuta wa AV. Bar HDMI ta kai hoto, ka ɗauki sauti daga ja da fari zuwa lasifika. Rawayan na hoto ne, ka bar shi.

Idan allon VGA kaɗai gare shi kuma na'urarka HDMI ce, dama sai ka sayi abin juya HDMI zuwa VGA. To ka nemi wanda ke da ramin sauti a gefensa, don akwai marasa shi kuma kamarsu ɗaya a cikin leda. Wanda ke da ramin ƙarin wuta ta USB ya fi, saboda wasu na'urori ba sa ba shi isasshiyar wuta ta HDMI.

Idan allon HDMI ne, akwai ƙaramin akwati mai cire sauti. Wayar na'ura ta shiga HDMI In, wata ta fita daga HDMI Out zuwa allo, lasifika ta shiga ramin gefe. Yana da maɓalli mai matsayi biyu ko uku, ka sa shi a 2CH. Ba kowane shago ke da shi ba, wani lokaci sai an yi maka sautu daga Duwala ko Yawunde, ko daga Kano.

Mai PlayStation 4 ko 5 na da hanyar wucin gadi: hannun wasan na da ramin iyafis, ana iya jona lasifika a nan a sa duk sautin ya bi ta can. Waya na bin ka duk inda ka motsa, amma tana fid da kai daren da aka taru.

Idan ramin kwamfutar ne ya mutu ko ya yi sako-sako, katin sauti na USB ya ishe ka. Bai fi filas girma ba, kana sokawa Windows za ta gane shi.

Doguwar lasifikar nan ta ƙarƙashin talabijin takan zo da rami mai suna HDMI ARC. Wannan na talabijin ne, allon kwamfuta da wuya a samu mai shi. Yi amfani da AUX ɗinta.

7. Idan lasifikar ba ta da wutar kanta

Gidaje da yawa akwai tsofaffin akwatunan lasifika na rediyon kaset, masu waya ja da baƙa kawai a baya. Kada ka yar da su, muryarsu ta fi ta yawancin na roba da ake sayarwa yanzu. Sai dai ba a ɗaura musu kan iyafis a soka a allo. Ramin ba shi da ƙarfin motsa su, dole amfilifaya ta shiga tsakani.

Idan uwar rediyon na nan kuma tana da AUX ko Line In, an gama, ita ce amfilifayar. In babu, masu gyaran rediyo na da ƙananan amfilifaya masu bolt 12. Ga mai sola ko batir wannan ta fi komai dacewa, don tana sha kai tsaye daga batir ba sai an tada inbata ba. Tsohuwar rediyon mota mai AUX ma tana yin aikin.

Ja a ja, baƙa a baƙa, a lasifiku biyun. Idan ka juya na ɗaya ba abin da zai ƙone, amma bas zai gudu, sautin ya zama holoƙo. Murɗe silin wayar sosai kada ko ɗaya ya taɓa maƙwabcinsa. Kuma ka dubi adadin om da ke bayan akwatin, yawanci 4, 6 ko 8. Kuskuren da ke kashe amfilifaya shi ne tara lasifiku a baki ɗaya: biyu masu om 8 idan aka haɗa kansu sun koma 4, biyu masu 4 sun koma 2, ƙaramar amfilifaya ba ta jure wannan, balle a zafin Garwa da ke haura digiri 40.

8. Ajiye su daidai, ka kori ƙugi

Ɗaya a dama da allo, ɗaya a hagu, tazarar da ke tsakaninsu daidai da tazarar kowacce zuwa kanka, ka ɗan karkato fuskarsu gare ka. Ɗaga su kusa da tsayin kunne, ko da littattafai ne. Bar taƙi guda tsakaninsu da bango, musamman masu rami a baya. Idan akwai wufa, wato akwatin da ke ba da bas, ƙasa ne wurinta. Mai tsohon allo mai ƙeya kuwa ya nisanta lasifika da shi, maganaɗisun cikinta na ɓata launin hoto.

Ƙugi iri-iri ne, kowanne da maganinsa. Gurnani mai kauri da ba ya tsayawa daga wuta yake, kuma ya fi yawa idan kwamfuta na soket ɗaya lasifika na wani. Mayar da su jona guda. A kwamfutar cinya, zare caja ka saurara. Idan ya ɗauke, cajar ce, kuma cajojin jabu sun fi kawo shi. Akwai ɗan abin da ake sawa a tsakiyar wayar sauti yana yanke wannan gurnanin, amma ka fara da canza caja. Tsuwa siririya da ke canzawa idan ka motsa linzami tana zuwa ne idan lasifika na shan wuta daga USB ɗin kwamfutar. Ba ta cajar waya tata daban. Tit-tit-tit da ake ji gab da shigowar kira, wayar hannu ce a kusa, ɗauke ta daga teburin. Kada kuma ka nannaɗe wayar sauti tare da ta wuta, kuma kada ka sayi mai mita biyar inda mita ɗaya da rabi ta isa.

Ƙarar tsatsa idan an taɓa kan waya ƙura ce. Hunturu na cika ramukan nan da ita. Zare wuta, ka hura ramin, ka goge kan wayar da ƙyalle mai ɗan sifirit, ka soka ka zare 'yan lokuta. Kada ka zura allura ko wani ƙarfe. Idan ba a amfani da lasifika a lulluɓe ta, amma a yaye kafin a kunna don ta sha iska.

Da rani, idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, ɗaukewar wuta takan yawaita a arewa. Da zarar an ɗauke ka zare lasifika, ka jira wutar ta zauna bayan an dawo da ita sannan ka mayar. Haka in za a tada janareta, a bari ya daidaita tukuna.

9. In ka fi son Bluetooth

Yawanci allon kwamfuta ba shi da Bluetooth, don haka haɗin tsakanin kwamfuta ne da lasifika. Kwamfutar cinya na da shi a ciki, ta tebur kuwa sai ka saya mata ɗan ƙaramin na USB. Sa lasifikar a yanayin nema, ka shiga Paramètres, ka buɗe sashen Bluetooth, ka ƙara na'ura, ka zaɓi sunanta. Idan ta ƙi bayyana, duba ko tana maƙale da wayar wani a gidan, don da yawansu na'ura ɗaya suke karɓa a lokaci guda. Ga dikoda akwai ɗan abin aika Bluetooth da ake sokawa a ramin sauti, ka tabbata mai aikawa ne ba mai karɓa ba, ko mai maɓallin TX da RX, ka sa shi a TX.

Don karatu da waƙa Bluetooth ba shi da laifi. A fim da ƙwallo da wasa sautin yakan ɗan makara, baki ya motsa kafin magana ta iso. Idan a manhajar VLC ta kwamfuta kake kallo, maɓallan J da K na matsar da sautin gaba ko baya da milisakan 50 a kowace dannawa, sai ka yi ta dannawa har baki da murya su haɗu. A dikoda da PlayStation waya ce maganin, don haka lasifikar da za ka saya ka tabbata tana da ramin AUX ko da tana da Bluetooth.